Hattara da masu tallar filin jan ƙarfe a WhatsApp

Jama'a, a yi hattara. Akwai wasu da ke bin zaurukan WhatsApp suna neman a zuba kuɗi a wani filin jan ƙarfe da suka ce sun gano a jihar Nasarawa. Za su turo maka bidiyon koren dutse a tafin hannu, da takardar gwaji mai cewa kashi 30 cikin ɗari jan ƙarfe ne, sannan su ce kafin wata uku kuɗinka ya ninka.

Jan ƙarfe kam akwai alamunsa a kwarin Binuwai, tare da dalma, an daɗe da sanin haka. Inda damfarar take shi ne dutsen. Wannan koren, malakayit, fiye da rabin nauyinsa jan ƙarfe ne, don haka duk wanda ya tsinci mai kyau ya kai gwaji sai ya samu lamba mai ɗaga hankali. Sau da yawa kuma ruwa da iska ne suka rina saman dutsen, ƙasansa fayau. Manyan mahaƙan ƙasar Cile da dutsen da jan ƙarfen cikinsa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba suke aiki, yawansa ne ke biyan su. Sanin yawan kuwa sai an huda ƙasa zurfin ɗaruruwan mita a wurare da dama, an zaro dutsen an gwada. Aikin shekaru ne, ba na wata uku ba.

Ko an huda ɗin ma ana yin maguɗi. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu a Busang ta Indunusiya: garin zinare ake barbaɗawa a samfurin kafin a kai gwaji. Da kamfanin Freeport ya haƙa nasa ramukan, bai tarar da abin kirki ba, masu hannun jari suka tafka asarar biliyoyin daloli.

Sai batun takarda. A Najeriya ma'adinai mallakar gwamnatin tarayya ne, takardar dagaci ba ta ba kowa izinin haƙa. Ka nemi lambar lasisi, ka tantance ta a ofishin Mining Cadastre da ke Abuja, mai kula da lasisin ma'adinai. Ka duba kuma wane iri ne, domin lasisin bincike daban, na haƙa daban a dokar ma'adinai ta 2007. Waɗannan mutanen da ka tambayi lamba sai su ce oga ya yi tafiya, amma lambar asusun da za ka tura kuɗi, ta wani mutum ce ba ta kamfani ba, tana nan a shirye.