Eriya ko kwandon satalayit: wanne ya dace da motar da ake kwana a cikinta?

Malam, game da tambayarka ko eriya za ka ɗaura wa bas ɗin nan taka ko kwandon satalayit, ni kwando zan ce maka, kuma sai da na kashe kuɗi a kan duka biyun kafin na kai ga wannan matsayi.

Tawa motar tsohuwar Hiace ce da na cire kujerun bayanta na shimfiɗa katifa, saboda nakan yi kwana biyar ko shida a gona a wajen Saminaka. Kwandona mai faɗin santimita 90 ne, kuma ban kafe shi a saman mota ba, domin iskar hanya za ta lanƙwasa shi tun kafin a kai Pambeguwa. Wani mai walda a kasuwar Panteka ta Kaduna ne ya dasa mini guntun bututun ƙarfe a cikin tsohuwar taya, aka cika ta da kankare. Idan na isa sai in sauke tayar, in ɗora kwandon, in ja waya ta taga. A farkon lamari saitin ya kan ci mini fiye da awa guda, amma tun da na sayi ɗan abin auna sigina, na kuma yi wa bututun alama da fenti, ba ya wuce minti goma.

Ranar 7 ga Fabrairun 2024, da Najeriya ta kara da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, ina can ana ban ruwan albasa. Na buɗe ƙofar baya na juyo da talabijin waje don ma'aikata uku da muke tare, kafin a je hutun rabin lokaci mutanen rugar da ke kusa da mu da samarin ƙauye sun cika wurin, har muka yi sallar magariba a jam'i a gefen mota. Da aka tashi ɗaya da ɗaya aka tafi bugun fenariti, mai tsaron gidan Najeriya Nwabali ya tare biyu, ihun da aka yi ya sa shanu suka zabura. Washegari wani dattijo ya aiko mini da ƙwaryar kindirmo. Hoton bai yanke ko sau ɗaya ba, a wurin da ko layin waya sai an hau tudu ake samu.

Ita kuwa eriya, tana aiki idan motar tana cikin garin Kaduna, iyakar yabon da zan iya yi mata ke nan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun watan Disambar 2017 aka ƙaddamar da watsa shirye-shiryen dijital a Kaduna, bayan Jos da Abuja, kuma irin wannan sigina daga turken da ke ƙasa yake fitowa, saboda haka nisa da tudu da dutse duk suna tare shi. A zamanin tsohon tsari, idan ka yi nisa hoto yakan yi yayyafi amma kana gani. Na dijital kuwa ko dai ya fito tar, ko ya daskare ya farfashe, ko ya ɓace ɗungurungum. Tauraron ɗan'adam yana sama da nisan kusan kilomita 36,000, ba ruwansa da ko kana Unguwar Rimi ko kana dajin Lere, muddin babu bishiya a gaban kwandon. Aibinsa na gaskiya shi ne hadari: idan ruwan Agusta ya kece, hoto zai ɗauke har sai ya tsagaita. Sannan kwando irin nawa ba ya aiki mota tana tafiya. Akwai mai juya kansa yana bin tauraro, amma kuɗinsa ba na manomi ba ne.

Ba ka tambayi wannan ba, amma ka yi hattara da masu shaguna. Wanda ya sayar mini da eriyar ya rantse tana kamo tasha daga nisan ɗaruruwan kilomita, ga shi har an rubuta a kwali, alhali ko Kujama ban wuce ba ta fara rawa. Haka kuma za a nuna maka talabijin ta hannu a ce ai dijital ce, ba ta buƙatar dikoda. Tsarin da Najeriya take amfani da shi wajen watsa siginar dijital da eriya ke kamawa shi ne DVB-T2. Wadda aka kawo daga Amurka tsarinta ATSC ne, ɗan allon da ke zuwa a jikin motocin Japan kuma ISDB-T ne, babu wanda zai kama maka komai a nan. Kada ka biya kuɗin dikoda ko na'urar da ke bakin kwando sai an haɗa an kunna a gabanka, a kuma rubuta maka rasit.

Wajen wuta, kada ka kuskura ka jona a batirin da ke tayar da mota, don ba ka son turin Hiace a cikin gona da asuba. Ka sayi batir na daban mai amfiya 100 da faifan sola ɗaya. Talabijin mai inci 24 da dikoda ba su cika wuce wat 50 ba a haɗe, ke nan za ka yi kallon kusan awa goma kafin batirin ya sauka rabi. Yawancin dikodoji bolt 12 suke sha, amma ka duba rubutun da ke jikin cajar taka, ka kuma sa fis a layin.

Don haka ka sayi kwando mai santimita 90 da waya mai kyau kamar mita goma sha biyar, saboda ka iya ajiye motar a inuwa kwandon yana fili. Ka kai wa mai saiti ya haɗa maka a gida sau ɗaya kana tsaye kana kallo, ka sa alamar fentinka a ranar.