Manhajar ta koya min ƙwallon Amurka, amma daren Super Bowl ta ci amanata

Ni dai bidiyoyin bayanin da ke ciki ne suka sa na biya kuɗin manhajar nan ta kallon ƙwallon Amurka. Da can in na ci karo da wasan a talabijin ƙarti kawai nake gani da hular kwano suna ta gwabza juna, a yi sakan biyar a tsaya, alƙali ya wurga wani ƙyalle ruwan ɗorawa, sai talla. Cikin sati ɗaya wallahi suka buɗe min ido. Ashe sau 4 ake ba ƙungiya dama ta matsa gaba yadi 10, in ta kai a sabunta mata, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya, kuma layin nan ruwan ɗorawa da ake gani kwance a fili babu shi a can, masu talabijin ne ke zana shi don ka san inda ake son kaiwa. Tun da na gane wannan layin shi ke nan wasan ya shige ni. Kai ƙwallo gidan ƙarshe maki 6, bugawa tsakanin sanduna maki 3, duk sun yi bayani dalla-dalla, a nan kam sai dai in ce Allah ya saka.

To sai ranar 11 ga Fabrairun 2024, daren Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofi, Kansas City Chiefs da San Francisco 49ers a Las Vegas. A agogonmu wajen sha biyu da rabi na dare ake farawa, na sayi mai na zuba a janareto, na sa data isasshe, na dafa shayi. Minti 60 ne wasan a ƙa'ida amma sai da muka haura awa uku, aka tashi 19 da 19 aka shiga ƙarin lokaci. 49ers suka buga maki 3, Chiefs suka karɓa, har suka zo damarsu ta huɗu saura yadi 1, in suka kasa kofi ya tafi. Mahomes, mai jefa wa Chiefs ƙwallo, ya riƙe ƙwallo ya sheƙa da kansa ya tsallake layin, a tsaye nake ƙirjina na bugawa don yanzu na san me hakan ke nufi.

Suna dab da gidan ƙarshe hoto ya daskare, wannan da'irar ta hau juyawa. Na fita na sake shiga wai in sake sa lambar sirri, na sa, wai an samu matsala. Kar ma wani ya ce netiwok ne, a take na buɗe YouTube yana tafiya sumul. Kafin manhajar ta dawo har Mecole Hardman na Chiefs ya cafe ƙwallon a gidan ƙarshe, sun ci 25 da 22, takardu masu ƙyalli kawai na tarar suna zubowa. Awa huɗu ina gadin abu!

Na tura musu ƙorafi, bayan kwana uku suka ce in kashe waya in kunna. Har na fara hucewa ina cewa ai na amfana da darasin, sai ga alat a watan Maris sun sake cire min kuɗi, alhali ba a dawowa wasa sai Satumba. Tauraro huɗu na yi niyyar ba su, biyu zan bayar, su ma na bidiyoyin bayanin ne. Kuɗin Maris ɗin har yau ba su dawo min da shi ba.