Wasiƙa daga Biyena: gidan hayar da ba a tashin mutum

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, da Inna da sauran mutanen gida. Saƙonka na murya ya iso ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai da na saurare shi sau uku. Wato mai gidan ya sake yin ƙari, kuma ya ce ko a biya na shekara cif kafin ƙarshen wata, ko a ba shi makullinsa. Wallahi ban yi barcin kirki ba a daren. In Allah ya yarda da an yi albashi zan turo abin da ya sawwaƙa. Amma ka tambaye ni yadda mu muke fama da haya a nan Ostiriya, na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. In ka ga dama ka karanta wa mutanen majalisarku.

Shekaruna na farko a gidan wani ɗan kasuwa na yi su, ciki da falo a unguwar Favoriten, da yarjejeniyar shekara uku-uku. Duk lokacin da wa'adi ya gabato sai gabana ya riƙa faɗuwa, irin faɗuwar da naka yake yi yanzu. Saboda haka kada ka ɗauka kowa a Turai hankalinsa kwance yake. Abin da ya sauya mini rayuwa shi ne shiga gidan hukuma.

Birnin Biyena yana da hukumar gidaje mai suna Wiener Wohnen. Gidaje kusan 220,000 ne a hannunta, mutum kusan rabin miliyan ke kwana a cikinsu, wato kusan ɗaya cikin kowane mutum huɗu na garin. Ba kyauta ba ne, haya ake biya, amma wata-wata, kuma ba dillali balle la'ada. Ni baƙo sai da na cika shekara biyar da zama bisa ƙa'ida, na ci jarrabawar Jamusanci, na samu takardar zaman dindindin, sannan na cancanci nema. Suka duba albashina, suka tabbatar da daɗewata a garin, suka ga mu biyar ne a ciki da falo. Aka ba ni lamba na shiga layi. Na jira fiye da shekara, kuma jiran akwai cin rai, amma ban kai wa kowa goro ba, ban nemi ɗan uwan wani babba ya yi mini hanya ba.

Ranar da aka ba mu makulli ba zan manta da ita ba. Gidan wayam yake, ko kwan fitila babu, sai wayoyi na reto daga sama, ɗakin girki kuwa bututun ruwa kawai. Mu muka sayi komai. Maman yara ta murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi mai sanyi ƙarara, ta tara hannu ta sha. Ruwan nan daga maɓuɓɓugan duwatsu yake gangarowa da kansa, ta hanyar da aka buɗe tun 1873. Na tuna yadda kuke tsayawa a ƙofar gida da sassafe kuna jiran ɗan ga-ruwa ya turo kura. Amma abin da ya sa idona ya kawo ƙwalla shi ne takardar hayar: wurin da ake rubuta ranar ƙarewa, babu wa'adi. Muddin ina biya, ina kiyaye dokar zama, ba mai cewa in tashi don ɗansa zai yi aure. Ko albashina ya ƙaru gobe ba za a kore ni ba, domin lokacin shiga kaɗai ake duba samun mutum. Shi ya sa a benenmu akwai direban bas, akwai malamar makaranta, akwai wata tsohuwa da ta ce a nan ta yi rarrafe. Ba wanda zai ji sunan unguwarka ya gane nauyin aljihunka.

Ka tuna shekarar da muka tashi daga gidan nan na Kurna da damina? Aka ɗora gadon Inna da kwallayenta a amalanke, ruwa ya kece muna tsakiyar hanya, ta cire mayafinta ta lulluɓe buhun gero, ita kuma ta jiƙe sharkaf. Gida na huɗu ke nan da muka sauya kafin in gama firamare. 'Ya'yana ba su san wannan ba, kuma ina roƙon Allah naka ma su daina saninsa.

Na yi ta tambayar yadda aka yi suka kai nan, domin su ma ba haka suka taso ba. Bayan yaƙin duniya na farko talakan Biyena a cunkushe yake, har gado ake ba da haya ga wanda zai kwana da rana. A 1923 hukumar birni ta ƙirƙiro harajin gina gidaje, wanda nauyinsa ya fi sauka a kan masu manyan gidaje, kuma kafin 1934 ta gina sama da gida 60,000. Har yau in ka ɗaga kai za ka ga an rubuta a jikin bango da manyan jajayen haruffa cewa hukumar birni ce ta gina wannan da kuɗin harajin, a shekara kaza. Ina son wannan rubutun ƙwarai, mai biyan haraji yana wucewa yana ganin inda kuɗinsa ya shiga. Mafi shahara shi ne Karl-Marx-Hof, da aka gina tsakanin 1927 da 1930, tsawonsa ya haura kilomita guda. Na kai yara mun taka shi daga wannan kai zuwa wancan, har ƙaramar ta gaji na saɓa ta a kafaɗa.

Sai dai gini ba shi ne sirrin ba, Yaya. Mu ma a Kano an yi gini: ga Kundila, ga Gwammaja, ga Danladi Nasidi, ga Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka yi tsakanin 2011 da 2015. Bambancin shi ne namu akasari na sayarwa ne, kuma mai sayen gida dama ba shi ne ke cikin ƙunci ba. Da an sayar, gidan ya fita daga hannun jama'a ke nan har abada, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya koma neman awon igiya a bayan gari inda ba kwata ba hanya. Ingila ta bi wannan turbar daga 1980, ta sayar wa mazauna gidajen ƙananan hukumomi, yanzu ga su nan suna kuka da dogon layi. Biyena ta ƙi sayarwa. Ta riƙe, tana karɓar haya, tana gyara da kuɗin. Da tsadar rayuwa ta tsananta, magajin gari Michael Ludwig ya dakatar da ƙarin haya a gidajen hukuma na 2024 da 2025. Mai gida ɗaya ne ya yanke shawara, mutum rabin miliyan suka samu sararawa. Da an sayar da gidajen, wa zai iya wannan?

Ba zan ɓoye maka abin da ke damuna ba. Ƙarfe goma na dare kowa ya yi tsit, doka ce. Wanki akwai ɗakinsa a ƙasa, kowane gida da ranarsa da sa'o'insa, in ta wuce ka sai wani zagayen. Babu zaure, babu inda za ka shimfiɗa tabarma ka tari baƙo. Da aka yi mana haihuwa sai zauren taro muka kama haya muka yi suna, ragon ma a mahauta aka yanka. Kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu yana cin aljihu sosai. Kuma akwai maƙwabcin da shekara biyu ke nan ina gaishe shi, kai kawai yake ɗagawa. In an tashi yin irin wannan a Kano, ina ganin dole a yi shi da tsakar gida da zaure da katangar da za ta suturta iyali, ba a kwafo benen Turawa yadda yake ba.

'Yan takara za su zo majalisarku neman ƙuri'a, kuma za su ce za su gina gidaje dubu kaza. Don Allah a samu mai tambayarsu nawa ne a ciki na haya, wa zai riƙe su, kuma ta wace hanya mai ɗinki ko ɗan adaidaita zai shiga layi ba tare da ya san kowa ba.

Batun mai gidanku, ka je da Baffa ku same shi bayan Magariba, ko zai karɓi na wata shida tukuna. In ya ƙi, kada ka ɗauki bashi mai nauyi, ka sanar da ni da wuri mu san abin yi. Kada a faɗa wa Inna sai an daidaita, ka san hawan jininta. Ka gaishe ta da kyau, ka ce jikokinta suna tambayar yaushe za ta aiko musu da kuka da daddawa.

Wassalam, ƙaninka.