Bindigar auna zafi: ƙarfe take gani, ba ta ganin iska

Abu ɗaya ya sa na sayi bindigar nan: in san yawan zafin iskar da ke ƙarƙashin bonet, saboda akwai wani ɗan akwatin lantarki da nake so a ɗaura kusa da batir, kuma a jikinsa an rubuta ba ya jure fiye da digiri 85. A tallar sun ce tana auna zafin injin mota nan take. Saurin kam akwai shi. Amma iska? Ko kaɗan. Zafin da jikin abu ke fitarwa kawai take karantawa, kuma babu inda suka faɗi haka.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne murfin injin. Na dawo daga doguwar tafiya, na ɗaga bonet, na saita jan ɗigon hasken da take nuni da shi a kan tiyon lagireto na sama, ta ba ni kusan 90, daidai da zafin ruwan injin da ya gama ɗumi. Na matsa kan murfin alminiyam mai sheƙi, sai ta ce arba'in da 'yan kai. Murfin da hannu ba ya iya taɓawa! Ashe an saita ta ne a kan 0.95 a ma'aunin yadda jikin abu ke fitar da zafi, wato don baƙin abu maras ƙyalli, kuma babu maɓallin canzawa. Ƙarfe mai sheƙi yaudararta yake yi. Sai da na manna baƙin tef a wurin, ya ɗauki zafi, sannan ta faɗi gaskiya. Ga shi kuma da ka buɗe bonet, iskar da kake nema ta riga ta tsere sama.

Har na haɗa ta zan mayar, sai na gwada siririyar wayar auna zafi da ke cikin kwalin, irin ta K da ake sokawa a gindinta. Wallahi ita ce kayan. Na ɗaure bakinta da nisa daga bututun salansa, don hucinsa kaɗai ya isa ya rikita awo, na rufe bonet. A kan hanya iskar gefen batir ba ta wuce sittin da wani abu ba. Da na tsaya na kashe injin, fanka ta yi shiru, ruwa ya daina zagayawa, sai lamba ta dinga hawa har ta haura 80. Ashe bayan an faka mota ne zafin ke cin kasuwarsa.

To amma ko nan sai da masu ƙera ta suka ɓata rawarsu da tsalle. Wayar gajera ce, da ƙyar ta kai tagar direba, allon kuma yana mutuwa da kansa bayan 'yan daƙiƙu, daidai lokacin da kake son ganin inda lambar za ta tsaya. Haka na yi ta dannawa. Tauraro biyu na ba ta, duka na wayar ne. Akwatin lantarkin kuwa cikin mota za a ɗaura shi.