Scary Movie: na yi dariya, amma sai da na sha kunya gaban Goggo

Mai tura finafinai na bakin kasuwa a nan Garwa ta Kamaru shi ya ja mini. Na ce ina son na barkwanci da za mu kalla a gida bayan Isha, ya ce, "Yaya, ga wanda sai cikinka ya ƙulle." Ya loda mini Scary Movie a filas, bai ƙara ko uffan ba.

Goggo na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ƙannena sun jeru a gaba. Aka buɗe da wata budurwa ita kaɗai a gida da dare, makashi mai baƙar riga da farar fuskar fatalwa ya kira ta a waya. Ta tashi gudu, ga bindiga ga wuƙa a kan tebur, baiwar Allah ta ɗauki ayaba. Har Goggo sai da ta murmusa. Kafin ka ce kwabo ya fizge mata kaya, tana tsere daga ita sai rigar mama da ɗan kamfai, mai kyamara kuma ya kafe a kanta. Na danna rimot, ya ƙi. Sai wayar talabijin ɗin na tumɓuke daga bango. Goggo ta ce, "Wannan ne wayewar taku?" Ta kwashi farantinta ta shige ɗaki, yaran nan suna ta ƙunshe dariya.

Daga baya na ƙarasa shi ni kaɗai a waya, kuma tsakani da Allah akwai gwaninta. Keenen Ivory Wayans ne ya ba da umarni a 2000, ƙannensa Shawn da Marlon suna ciki. Shaƙiyanci suke wa Scream na 1996 da I Know What You Did Last Summer na 1997, irin finafinan da mai wuƙa ke bin 'yan makaranta ɗaya bayan ɗaya, su kuma maimakon su fita waje sai su haura bene. Anna Faris ta iya fuskar wauta. Amma Regina Hall ce ta kashe ni: tana cikin silima tana cin kaza, tana amsa waya, tana faɗa wa mutane abin da zai faru, makashin na zaune kusa da ita bai ma samu dama ba, 'yan kallo suka riga shi. Duk wanda ya taɓa zama gidan kallo a unguwa ya san irin wannan mai bakin.

To amma batsar ba ta tsaya a farko ba. Ana gama wata sai a shiga wata, ga zuƙar wiwi, har dariyar ta fara gundurata. An ce da dala miliyan 19 aka yi shi, ya kawo kusan miliyan 278 a faɗin duniya, wato mutane abin ya yi musu. Ni wanda aka ba ni ma fassarar Faransanci ce, baki na motsi daban murya daban, wasu zolayoyin sun mutu a hanya. In kuma ba ka kalli Scream ba, rabin abin zai wuce ka kana zare ido.

Mai son gani ya sa abin kunne ya rufe ƙofa. Ku kuma masu turawa, don Allah ku riƙa tambayar mutum da wa zai kalla.