Westray zuwa Papa Westray: jirgin saman da na hau na ƙasa da minti biyu

Na danna agogon wayata daidai lokacin da tayoyi suka bar ƙasa a Westray, na sake dannawa da suka dira a Papa Westray. Minti ɗaya da daƙiƙa 24. Tafiyar ke nan gaba ɗaya.

Tsibiran biyu suna cikin rukunin Orkney, can arewacin Scotland, kuma tsakanin filayen jirginsu kilomita 2.7 ne kacal. Ko titin da jirage ke tashi a kai a filin jirgin saman Heathrow na Landan ya fi haka tsawo. Kamfanin Loganair ne ke wannan zirga-zirga tun 1967, kuma ita ce tafiyar jirgin fasinja mafi gajarta a duniya. A jadawali an ba ta kamar minti biyu, amma iska ce ke yanke hukunci. An taɓa yin ta cikin daƙiƙa 53.

Jirgin ƙarami ne, samfurin Britten-Norman Islander, mai farfela biyu da kujerun fasinja takwas. Matuƙi ɗaya ne, ba ma'aikaciyar jirgi, ba labule tsakaninmu da shi. Shi da kansa ya waiwayo ya yi mana bayanin bel da ƙofa. Ni aka zaunar a bayansa, ina kallon hannunsa a kan maɓallai. Ƙarar injin tana da yawa, ba a hira. Ta taga kuwa ruwa ne kore shar kusa da gaɓa, har duwatsun ƙarƙashinsa ana gani, domin jirgin ba ya yin sama sosai kafin ya fara saukowa.

Abin da ya fi shiga raina shi ne matar da ke gefena. Ba ta ko ɗaga kai daga takardun da take dubawa ba. Malamar makaranta ce, aiki za ta. Nan na gane ba don irinmu masu yawon buɗe ido aka yi wannan jirgi ba. Mutanen Papa Westray ba su kai ɗari ba, kuma da shi malamai, ɗalibai da ma'aikatan lafiya ke kai da komo. Shi ya sa hukumar tsibiran ke tallafa wa hanyar da kuɗi, kuma a ganina kuɗin sun tafi inda ya dace.

Sai dai kada gajartar ta ruɗe ka wajen lissafin lokaci. Wannan tsalle yanki ne na zagayen da jirgin ke yi daga Kirkwall, babban garin Orkney, inda za ka fara shafe kusan kwata na awa a sama kafin ka isa Westray. Ga kujeru kaɗan, ga hazo da iska da ke iya ɗage tashi. Ranar da zan dawo, sai da muka jira hazo ya washe a ɗan ɗakin jira na filin, wanda bai fi falo ɗaya ba.

Shawarata, ka kama kujera da wuri, kuma ka kwana a Papa Westray. Da safe na taka da ƙafa zuwa Knap of Howar, gidajen dutse da aka gina fiye da shekaru 5,000 da suka wuce, bangonsu na nan tsaye a bakin teku. Na sunkuya na shiga ta ƙofar, ni kaɗai, sai ƙarar igiyar ruwa.