Yawon ƙafa a George Town: kuɗina bai tafi a banza ba

Hutu a bakin teku ya kai ni tsibirin Penang na ƙasar Malesiya, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawon ƙafa na rabin yini da na biya a tsohon garin George Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Mai yi mana jagora wani dattijo ne Basine, kakanninsa daga lardin Fujian suka zo, kamar yawancin Sinawan garin.

Khoo Kongsi ya fara kai mu, wato gidan zuri'ar Khoo. Kafin nan na ɗauka wurin ibada ne kawai. Ashe a da, idan baƙo ya sauka daga jirgin ruwa ba shi da ko sisi, sunan zuri'arsa ne ke sama masa wurin kwana da aikin yi. Tsohon ginin ya ƙone a 1901, aka kammala na yanzu a 1906. Dattijon ya ce tsofaffinsu na cewa ƙawar na farkon ce ta yi yawa har ta jawo masa wuta, ya faɗa yana murmushi. Na daɗe a gaban wani ginshiƙin dutse da aka sassaƙa dodanni sun nannaɗe shi, har ɓawon jikinsu ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai Chew Jetty, gidajen katako a kan turaku cikin teku, inda zuri'ar Chew ke zaune har yau. Katakon na ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ga wata tsohuwa tana shanya a ƙofar gidanta, ko kallo ba mu ishe ta ba. Sai dai shagunan tsaraba sun cinye rabin hanyar.

Inda masu shirya yawon suka gaza shi ne lokaci. Sai da rana ta take aka tashi, zufa kamar an watsa mana ruwa, kuma aka ɓata kusan rabin awa a wani shago da babu wanda ya nema.

Kan abinci kuwa dattijon bai ɓoye mini komai ba. Ya ce soyayyar taliyar nan, char kway teow, galibi da kitsen alade ake yin ta, ya nuna mini masu sayar da nasi kandar, wato shinkafa da miya irin ta Musulmin garin 'yan asalin Indiya, kusa da masallacin Kapitan Keling. Can na ci shinkafa da miya kala uku, na yi azahar, na koma masauki ƙafafuna na zogi.